Daga Dred Scott zuwa 'Ya'yan Baƙin Haure: Tarihin Gardamar Amurka kan Ɗan Ƙasa

Hanya biyu duniya ta sani ta zama ɗan ƙasa tun ranar haihuwa. Ko dai a bi jini, a tambayi wanda ya haife ka, ko a bi ƙasa, a tambayi inda aka yanke maka cibiya. Nijeriya jini take bi: sashe na 25 na kundin tsarin mulkin 1999 bai lissafa wanda aka haifa a ƙasar ba sai in ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan Nijeriya ne. Mafi yawan ƙasashen Afirka da Asiya da Turai haka suke. Amurka kuwa, ita da Kanada da Meksiko da Brazil da sauran ƙasashe talatin da wani abu, galibinsu a wancan ɓangaren duniya, ƙasa suke bi. Jaririn da aka haifa a asibitin Houston Ba'amurke ne, ko da uwarsa cikin dare ta haura iyaka babu takarda ko ɗaya a hannunta. Mutane da yawa sun ɗauka karamci ne ya kawo haka, wasu kuma su ce sakaci ne. Dokar dai daga bauta da yaƙin basasa ta fito, kuma sai an bi ta nan ake gane abin da ake rigima a kansa.

Asalin ƙa'idar daga Ingila yake. A 1608 alƙalan ƙasar suka zauna kan gadon wani yaro, Robert Calvin, wanda aka haifa a Scotland bayan Sarki James ya haɗa sarautun biyu a hannunsa. Suka yanke cewa duk wanda aka haifa a ƙasar sarki, yana ƙarƙashin kariyarsa, talakan sarki ne. Waɗanda aka ware kaɗan ne: 'ya'yan jakadu da 'ya'yan abokan gaba da suka mamaye gari. Turawan da suka ƙetara teku suka tafi da wannan fahimta, kuma ta ɗore bayan sun karɓi 'yancin kai. A 1844 wata kotu a New York ta tabbatar wa Julia Lynch, wadda iyayenta 'yan Ireland suka haife ta lokacin da suka zo zaman ɗan lokaci suka koma, cewa Ba'amurkiya ce.

Sai dai wannan alheri na farar fata ne. Tun 1662 yankin Virginia ya yi doka cewa ɗa matsayin uwarsa yake bi: in baiwa ce, shi ma bawa ne, ko da maigidan ne ya haife shi. Mun san irin wannan a ƙasar Hausa ta da, inda aka riƙa kiran wanda aka haifa cikin bauta bacucane. A 1790 kuma majalisar sabuwar ƙasar ta ce baƙon da zai nemi zama ɗan ƙasa sai ya kasance fari kuma ɗa. Ta haka Amurka ta yi shekara da shekaru tana tafiyar da doka biyu, ta ƙasa ga farare, ta jini ga baƙaƙe.

Dred Scott bawa ne na wani likitan soja mai suna John Emerson, wanda ya yi ta yawo da shi zuwa Illinois da yankin Wisconsin, wuraren da doka ta hana bauta. A 1846 shi da matarsa Harriet suka shigar da ƙara a St. Louis suna neman 'yanci, da hujjar cewa sun zauna a ƙasar da ba a bauta. Shari'ar ta ci shekara goma sha ɗaya. Ranar 6 ga Maris 1857 Alƙalin Alƙalai Roger Taney ya karanta hukuncin Kotun Ƙoli, alƙalai bakwai a gefe ɗaya, biyu a ɗayan. Bai tsaya ga cewa Scott bawa ne ba. Ya ce duk wanda ya fito daga tsatson Afirka, bawa ne ko ɗa, ba ɗan ƙasa ba ne kuma ba zai taɓa zama ba, don haka ba shi ma da ikon kai ƙara kotun tarayya. Mai shari'a Benjamin Curtis ya ƙi yarda, ya tunatar da kotun cewa a lokacin kafa ƙasar baƙaƙe 'yantattu na jefa ƙuri'a a jihohi biyar. Ba a saurare shi ba. An 'yanta Scott wata biyu bayan hukuncin, ya rasu a shekarar da ta biyo baya.

Taney ya zaci ya kashe wutar gardamar bauta, ashe fetur ya zuba mata. Shekara huɗu bayan haka yaƙi ya ɓarke tsakanin Arewa da Kudu, ya ci rayuka fiye da dubu 600 daga 1861 zuwa 1865. Gyara na 13 ga tsarin mulki ya soke bauta, mutum kusan miliyan huɗu suka fita daga ƙangi. Amma hukuncin Taney na nan bai motsa ba, kuma jihohin Kudu suka fara ƙirƙiro dokokin da za su mayar da 'yantattun ƙarƙashin tsofaffin iyayen gijinsu ta bayan gida. A 1866 majalisa ta yi dokar da ta ce wanda aka haifa a Amurka ɗan ƙasa ne. Shugaba Andrew Johnson ya hau kujerar naƙi, yana kukan cewa dokar za ta kwaso har Sinawan gaɓar yamma. Majalisa ta tara rinjayen da ake bukata ta wuce da dokar ba tare da shi ba. Duk da haka 'yan majalisar ba su saki jiki ba, domin abin da wannan majalisa ta ɗaura, wata na iya kwancewa. Suka yanke shawarar sa maganar cikin kundin tsarin mulki, inda hannun shugaba ko na alƙali ba zai kai gare ta da sauƙi ba.

Ranar 30 ga Mayu 1866 Sanata Jacob Howard na Michigan ya gabatar da jimlar da ta zama farkon gyara na 14. Abin da ta ƙunsa shi ne duk wanda aka haifa a Amurka ko aka ba shi izinin zama ɗan ƙasa, kuma yana ƙarƙashin ikon shari'arta, ɗan ƙasa ne na tarayya da na jihar da yake zaune. Wannan sharaɗi na kasancewa ƙarƙashin ikon shari'a shi ne ƙashin da ake ta ja har yanzu. Masu son taƙaita dokar suna kafa hujja da maganar Sanata Lyman Trumbull, wanda ya fassara shi da cewa mutum ba ya bin wata hukuma biyayya. Masu kare ta kuma suna nuna abin da ya faru a zauren a ranar. Sanata Edgar Cowan na Pennsylvania ya miƙe yana tambaya cikin fushi ko ana nufin ɗan Basine da aka haifa a Kalifoniya zai zama ɗan ƙasa, ko ɗan ƙabilar nan mai yawo da Turawa ke kira Jifsi. Sanata John Conness na Kalifoniya, wanda shi kansa haifaffen Ireland ne, ya ba shi amsa cewa haka ne, kuma yana goyon bayan haka: kowane yaro da aka haifa a jiharsa, ko su wane ne iyayensa, a ɗauke shi ɗan ƙasa daidai da kowa. Wato an ɗaga tambayar, an amsa ta, sannan aka kaɗa ƙuri'a. Jihohi suka kammala amincewa a watan Yulin 1868.

Ana yawan cewa mutanen 1868 ba su san baƙon haure ba, tunda a lokacin babu dokar tarayya da ta rufe ƙofa. Akwai gaskiya a ciki, amma ba cikakkiya ba ce. Tun 1808 aka haramta shigo da bayi daga Afirka, daga 1820 kuma hukuncin mai yin haka kisa ne, amma fatauci bai tsaya ba. A 1860 jirgin Clotilda ya saci jiki ya shiga ruwan Mobile a Alabama da mutum 110 da aka sayo a tashar Ouidah ta masarautar Dahomey, aka sauke su, aka ƙona jirgin don ɓatar da sawu. Ɗaya daga cikinsu, Kossola, Bayarbe ne da aka fi sani da Cudjo Lewis, ya rayu har 1935. Da ƙarfi aka kawo su, ba da ƙafarsu suka zo ba, amma a takarda shigowarsu haramun ce, kuma doka ta tanadi a mayar da irinsu Afirka. Malaman shari'a biyu, Gabriel Chin da Paul Finkelman, sun ja hankali ga wannan: babu wanda ya taɓa cewa 'ya'yan da waɗannan mutane suka haifa a Alabama ba 'yan ƙasa ba ne. A ganina wannan hujja tana da nauyi fiye da yadda ake ba ta.

Waɗanda sharaɗin ya bari a waje da gaske su ne masu ƙasar na asali. A 1884 Kotun Ƙoli ta ce John Elk, wanda aka haifa cikin ƙabilarsa sannan ya koma birnin Omaha yana son jefa ƙuri'a, ba ɗan ƙasa ba ne, saboda ƙabilun al'ummai ne masu hukumarsu. Sai a 1924 majalisa ta ba su da doka.

Gwaji na gaskiya ya zo ta kan Sinawa. Sun zo haƙar zinariya tun daga 1849, su ne kuma suka fasa duwatsun Sierra Nevada suka shimfiɗa layin dogon da aka haɗe a 1869. Da aiki ya ƙare, tattalin arziki ya tsuke, sai aka juya musu baya. Dokar 1882 ta hana leburorin Sin shigowa, ta kuma hana duk Basine neman zama ɗan ƙasa. A 1885 aka kashe Sinawa 28 a garin Rock Springs na Wyoming. Dokar 1892 ta tilasta musu yawo da takardar shaidar zama, wanda aka kama babu ita a kore shi. A cikin wannan yanayi ne jami'an gwamnati a San Francisco suka shiga neman shari'ar da za su kai Kotun Ƙoli don a rufe ƙofa ta ƙarshe, wato ta haihuwa.

Suka samu Wong Kim Ark. An haife shi a titin Sacramento na San Francisco, a 1873 bisa takardun kotu, kuma aikin dafa abinci yake yi. Iyayensa sun daɗe a birnin kafin su koma Sin. Ya taɓa zuwa can a 1890 ya dawo aka bar shi ya shiga. A 1894 ya sake tafiya, bayan ya tanadi takardar da fararen fata suka sa hannu cewa sun san shi haifaffen garin ne. Da ya dawo a watan Agustan 1895 a jirgin Coptic, shugaban kwastan John Wise ya hana shi sauka. Ya yi wata kusan biyar a tsare a kan ruwa, ana ɗauke shi daga wannan jirgi zuwa wancan, yana hangen garin da aka haife shi. Ƙungiyar 'yan kasuwar Sinawa ta birnin ta ɗauki lauya Thomas Riordan, kuma a Janairun 1896 mai shari'a William Morrow ya ce a sake shi. Gwamnati ta ɗaukaka ƙara. Lauyan da ya tsaya mata, Holmes Conrad, tsohon hafsan sojan Kudu ne a yaƙin basasa, kuma bai ɓoye shakkarsa kan ingancin gyara na 14 ɗin kansa ba.

Ranar 28 ga Maris 1898 kotu ta yanke hukunci, shida da biyu. Mai shari'a Horace Gray, wanda shi ne ya rubuta hukuncin John Elk, ya bi tarihin tun daga shari'ar Calvin ya ce gyara na 14 ya tabbatar da tsohuwar ƙa'idar haihuwa a ƙasa, kuma waɗanda aka ware su ne 'ya'yan jakadu, da waɗanda aka haifa a jirgin ruwan wata gwamnati, da 'ya'yan maharan da suka mamaye ƙasa, da 'yan ƙabilun asali. Ya kuma faɗi abin da kowa a zauren ya sani: in aka hana Wong, to an hana dubban 'ya'yan Ingilishi da Jamusawa da mutanen Ireland da kullum ake ɗauka 'yan ƙasa ne. Alƙalin Alƙalai Melville Fuller ya saɓa, tare da John Marshall Harlan. Harlan ɗin nan shi kaɗai ne ya tsaya wa baƙaƙe shekara biyu kafin nan, lokacin da kotun ta halatta wariyar launi a jiragen ƙasa. Adalcin da ya gani ga baƙar fata bai gan shi ga Basine ba.

Akwai wata gaɓa a hukuncin da ya kamata a faɗe ta tsakani da Allah. Gray ya maimaita cewa iyayen Wong mazauna ne na dindindin a Amurka, kuma ba su karya dokar shigowa ba. A nan masu adawa suke rataye hujjarsu, suna cewa hukuncin bai shafi ɗan wanda ya haura ba. Abin da ke raunana wannan karatu shi ne jerin waɗanda Gray ya ware gajere ne kuma a rufe yake, kuma dalilin ware su ɗaya ne: dokar Amurka ba ta hawa kansu. Jakada ba a gurfanar da shi. Baƙon haure kuwa ana kama shi, a kai shi kotu, a ɗaure shi, a karɓi haraji a hannunsa. Da wuya a ce wanda ake yi wa duk wannan ba ya ƙarƙashin ikon shari'a.

Nasarar kotu ba ta ba Wong hutu ba. A 1901 jami'ai suka sake kama shi a El Paso suna neman korarsa, sai da ya ɗauki watanni yana tabbatar da cewa shi ne mutumin da Kotun Ƙoli ta wanke. A 1931 ya tafi Sin bai dawo ba. Wasu ma sun ga abin da ya fi haka. A shekarun 1930, da tattalin arziki ya durƙushe, aka tura dubun dubatar mutane Meksiko, da yawansu yara ne haifaffun Amurka. Jihar Kalifoniya ta nemi afuwa kan haka a 2005. A 1942 aka tsare mutum kusan dubu 120 'yan asalin Japan a sansanoni, kashi biyu cikin uku 'yan ƙasa ne. Amma ko a tsakiyar wannan yaƙi, da wata ƙungiyar farare a Kalifoniya ta nemi kotu ta soke hukuncin Wong ta cire sunayen 'ya'yan Japanawa daga rajistar zaɓe, kotun ɗaukaka ƙara ta yi watsi da ƙarar a 1943. An tauye haƙƙinsu, amma ba a iya goge sunansu daga cikin 'yan ƙasa ba, kuma da wannan suna ne suka dawo daga baya suka nemi diyya, suka same ta a 1988.

Baƙon haure kamar yadda aka san shi yanzu dokokin ƙarni na ashirin ne suka samar da shi. A 1924 aka yanka wa kowace ƙasa kasonta na masu shigowa, ban da ƙasashen nahiyar Amurka, a 1929 aka mayar da ƙetare iyaka ba izini laifi. Daga 1942 zuwa 1964 gwamnati da kanta ta riƙa ɗauko ma'aikatan gona daga Meksiko da kwantiragi, miliyoyinsu. Da aka rufe shirin, dokar 1965 kuma ta sa iyaka ga masu zuwa daga maƙwabta, gonakin ba su daina bukatar hannu ba, mutanen ma ba su daina zuwa ba. Takarda ce kawai ta ɓace. A duk tsawon wannan lokaci majalisa ta maimaita jimlar 1868 cikin dokokin 1940 da 1952 ba tare da ta cire kowa ba.

A 1975 jihar Texas ta ce ba za ta biya kuɗin karatun yaran da ba su da takarda ba, hukumar makarantun garin Tyler kuma ta sa musu dala 1,000 kowane ɗaya a shekara. A 1982 Kotun Ƙoli ta rushe wannan, biyar da huɗu. Shari'ar kan makaranta ce, ba kan zama ɗan ƙasa ba, amma mai shari'a William Brennan ya faɗi abubuwa biyu da suka shafi batunmu. Ya ce ta fuskar ikon shari'a babu bambanci tsakanin baƙon da ya shigo da izini da wanda ya haura. Ya kuma ce yaro ba shi da iko kan abin da iyayensa suka aikata, don haka hukunta shi a kai ba adalci ba ne. Musulmi ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a nan, domin tun a makarantar allo aka koya mana cewa ba a ɗora wa wani nauyin laifin wani.

Adawar zamani ta fara samun kafa ne a 1985, da littafin malaman jami'ar Yale biyu, Peter Schuck da Rogers Smith, waɗanda suka ce zama ɗan ƙasa yarjejeniya ce da sai al'umma ta yarda, kuma al'umma ba ta yarda da shigowar wanda ya haura ba. Ba 'yan jam'iyya ɗaya ba ne suka ɗauka. A 1993 Sanata Harry Reid na jam'iyyar Democrat ya gabatar da ƙudirin taƙaita dokar, daga baya ya ce ya yi nadama. Damuwar mutanen ba ƙirƙira ba ce gaba ɗaya. Cibiyar bincike ta Pew ta ƙiyasta cewa a 2007 an haifi jarirai kusan dubu 390 a gidajen da akwai baƙon haure cikin iyaye, kafin adadin ya sauko zuwa kusan dubu 250 a 2016. Ga kuma masu hali da ke sayen tikiti su je haihuwa don jaririn ya dawo da fasfo, abin da mu a Nijeriya muka san shi sarai cikin manyanmu, kuma a 2020 gwamnatin Amurka ta umarci ofisoshin jakadancinta su hana biza ga mai wannan niyya. Sai dai a lura, jaririn ba ya kare iyayensa daga kora, kuma ba zai iya nema musu takardar zama ba sai ya cika shekara 21.

Wasu ƙasashe sun bi hanyar da masu adawa ke so. Birtaniya, inda ƙa'idar ta samo asali, ta yi watsi da ita daga 1 ga Janairu 1983, Ostireliya a 1986. Dukansu sun bar taga: yaron da ya yi shekara goma na farko a ƙasar yana da hanyar zama ɗan ƙasa, ko da yake a Birtaniya kuɗin rajistar ya taɓa haura fam 1,000. Ireland ta zo daga baya. A 2003 Kotun Ƙolinta ta yanke, a shari'ar iyalin Lobe da na wani ɗan Nijeriya mai suna Osayande, cewa haihuwar ɗa a ƙasar ba ta hana korar iyaye. A watan Yunin 2004 aka yi ƙuri'ar raba gardama, kashi 79 cikin ɗari suka amince a sauya tsarin mulki. Shekara goma sha huɗu bayan haka, mutanen garin Bray suka tashi tsaye don hana a tura wani yaro ɗan shekara tara, haifaffen Ireland, zuwa Sin da bai taɓa takawa ba.

Inda abin ya kai maƙura shi ne Jamhuriyar Dominika. Shekara da shekaru ana ɗauko mutanen Haiti yankan rake, suna zaune a ƙauyukan gonaki suna hayayyafa. Tsarin mulkin ƙasar ya ba duk haifaffe zama ɗan ƙasa, ban da ɗan jakada da ɗan mai wucewa. Sai jami'ai suka fara kiran wanda ya shekara arba'in a gona mai wucewa. A 2010 aka rubuta sabon kundi da ya cire 'ya'yan marasa takarda. A watan Satumban 2013, a shari'ar Juliana Deguis Pierre, wadda aka haifa a ƙasar a 1984, kotun tsarin mulki ta ce a koma baya da wannan fassara har zuwa 1929. Ƙungiyoyin kare haƙƙi sun ƙiyasta mutum kusan dubu 200 abin ya shafa: mutanen da Sifaniyanci suke ji, ba su san kowa a Haiti ba, suka wayi gari ba su iya rubuta jarrabawa, ko ɗaura aure a hukumance, ko yi wa 'ya'yansu rajista. Dokar da aka yi a 2014 don sassautawa ta ceto wasu, ta bar wasu da yawa.

Bahaushe bai kamata ya karanta wannan kamar labarin nesa ba. A 1957 gwamnatin Nkrumah ta Ghana ta kori Alhaji Amadu Baba, jagoran zangon Kumasi, da Alhaji Usman Lardan zuwa Nijeriya. Sun kai ƙara cewa su haifaffun ƙasar ne, majalisa ta yi doka ta musamman da sunansu ta kashe shari'ar. A watan Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takarda mako biyu ya fice, kuma cikin waɗanda suka cika motoci akwai 'yan zango da ba su san wani gida ba sai Ghana. Mu ma a 1983 muka yi wa wasu irin wannan.

Donald Trump ya ɗauko maganar tun yaƙin neman zaɓensa na 2015, ya sake ɗaga ta a 2018. Ranar 20 ga Janairu 2025, ranar da aka rantsar da shi karo na biyu, ya sa hannu kan umarnin da ya hana hukumomin tarayya ba da shaidar zama ɗan ƙasa ga jaririn da uwarsa ba ta da izinin zama, ko take da izini na ɗan lokaci kamar ɗaliba ko mai ziyara, matuƙar uban ba ɗan ƙasa ba ne kuma ba shi da takardar zama ta dindindin. Jihohi 22 suka garzaya kotu, suna cewa jarirai fiye da dubu 150 abin zai shafa kowace shekara. Kwana uku bayan sa hannun, mai shari'a John Coughenour na Seattle, wanda Ronald Reagan ya naɗa, ya dakatar da umarnin, ya ce ya saɓa wa tsarin mulki ƙarara, kuma a shekara fiye da arba'in da ya yi a kan kujera bai tuna shari'ar da amsarta ta fito fili kamar wannan ba. Alƙalai a Maryland da Massachusetts suka bi sahu. Ranar 27 ga Yuni Kotun Ƙoli, shida da uku, ta rage ikon alƙali ɗaya na dakatar da umarnin shugaba a faɗin ƙasa, ba tare da ta taɓa ainihin batun ba. Ranar 10 ga Yuli mai shari'a Joseph Laplante na New Hampshire ya karɓi ƙara a madadin dukan jariran da abin ya shafa ya sake dakatar da shi. A watan Disamban 2025 Kotun Ƙoli ta amince ta saurari maganar kanta.

Ban ce ƙasa ba ta da ikon tsare iyakarta ba, ko ta hukunta wanda ya haura. Tana da shi. Amma jaririn bai haura komai ba, kuma hana shi takarda ba ya mayar da iyayensa gida. Abin da yake haifarwa shi ne mutum da zai girma a ƙasar, ya yi magana da harshenta, ya haifi wani marar takarda, shi ma ya haifi wani. Wannan gadon matsayi ne mutanen 1866 suka gani da idonsu suka rufe masa ƙofa, don haka ina tare da waɗanda suka ce a bar jimlar yadda take. In kuma Amurkawa sun ga dole sai an sauya ta, Ireland ta nuna yadda ake yi, a tambayi jama'a a fili. Hanyar Amurka ita ce kashi biyu bisa uku na majalisun biyu, sannan jihohi 38 cikin 50 su amince. Tun 1868 babu ƙudirin sauya wannan jimla da ya taɓa tsallake ko da majalisa ɗaya.